Kafin ka ce "a yi mata fomat": abin da ke sa kwamfutarka nauyi da yadda za ka gyara



Yau maganarmu a kan kwamfutar tebur ce, irin wadda ke girke a shagunan buga takardu, da ofisoshi, da makarantu, da ɗakunan ɗalibai. In ka zaga daga Ƙofar Guga ka bi ta Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura, duk shagon da ka shiga ka tarar da kwamfuta na jan ƙafa, maganin da za ka ji an ambata guda ɗaya ne: a yi mata fomat. Ta daɗe ba ta buɗe ba, fomat. Word ya tsaya cak, fomat. Falash ya shigo da cuta, fomat. Ya zama kamar farasitamol, kowane ciwo shi ake miƙawa.

Ra'ayina a nan shi ne, fomat shi ya kamata ya zama abu na ƙarshe, amma mun mayar da shi na farko. Kuma wannan ɗabi'a tana ci mana kuɗi, tana ci mana lokaci, wani lokacin ma har da aikin da ba za a iya dawo da shi ba.

Me ya sa fomat ke kama da magani?

Saboda yana aiki na ɗan lokaci. In an goge babbar manhaja an sake zuba sabuwa, duk tarkacen da ya taru ya tafi, sai ka ga kwamfuta ta yi wasai kamar sabuwa. Amma tambayi kanka: bayan wata biyu ko uku, ina aka koma? Nauyin nan ya dawo. Dalili kuwa, abin da ya haifar da shi yana nan. In faifan ajiya ne ya tsufa, fomat bai sabunta shi ba. In ƙura ce ta toshe fanka, fomat bai share ta ba. In kuma falash ɗin kwastomomi ne ke kawo cuta, gobe ma za su zo da shi.

Ga kuma asarar da ba a lissafawa. Ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman ya kawo furojet ɗinsa an buga mashi babi huɗu, yana kan kwamfutar shago, ba shi da kwafi. Mai shago yana da samfurin katin biki da kalanda da takardun shaida da ya shekara biyar yana tarawa a CorelDraw. Sai a yi fomat cikin gaggawa, a kwashe abin da ke kan fuskar kwamfuta, a manta da wanda ke cikin Documents. Daga nan sai salati da riƙe baki.

Fara da tambayar kwamfutar abin da ke damunta

Likitan kirki ba ya rubuta magani sai ya auna ka. Windows ma tana da ma'auninta, kyauta, a cikinta. Danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe. In ya fito ƙarami, danna More details. Shiga Performance, za ka ga abubuwa uku da ke da muhimmanci: CPU, wato furosesa, da Memory, wato ram, da Disk, wato faifan ajiya. Ka bar shi a buɗe, ka ci gaba da aikinka har lokacin da ta fara nauyin, sannan ka duba wanne ne ya cika.

In Disk ne ke manne a kashi 100 alhali furosesa na hutawa, faifanka ne ya gaza. In Memory ta haura kashi 85 ko 90 da zarar ka buɗe Chrome da Word, ram ne ya yi kaɗan. In kuwa furosesa ce ke sama kullum alhali ba ka komai, to akwai abin da ke aiki a ɓoye. Koma Processes, danna kan CPU don ya jera su daga mafi ci zuwa ƙasa, ka ga sunan ɓarawon.

Wannan dubawar ba ta wuce minti biyar. Amma ita ce bambancin wanda ya san abin da zai saya da wanda za a sayar wa abin da ba ya buƙata.

Kuɗin da ya fi kowane amfani: SSD

Kwamfutocin tebur da yawa da muke amfani da su na hannu ne, irin su Dell OptiPlex da HP da aka yi aiki da su a ofisoshin Turai da Amurka, aka kawo su Ikeja, daga can suka gangaro Kano da Katsina. Injin nasu yana da ƙarfi har yanzu. Raunin yana wajen tsohon faifai mai juyawa da suka zo da shi. A cikinsa akwai faranti da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da wani ɗan hannu mai kama da allura da ke kai-komo yana neman bayanai. Windows 10 da 11 kuwa suna karanta dubban ƙananan fayiloli a lokaci guda, sai hannun nan ya rasa inda zai fara.

SSD ba shi da abin da ke motsi a cikinsa. Na gama-gari mai amfani da igiyar SATA yana karanta kimanin megabait 500 a daƙiƙa, alhali mai juyawa yana tsakanin 100 da 150. A wajen ƙananan fayiloli kuwa tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa kwamfutar da ke cin minti uku kafin ta tashi sai ka ga ta tashi kafin ka gama gyara zama.

Ga daɗin kwamfutar tebur: akwai fili a cikin akwatin. Sayi SSD mai gigabait 256, a ɗora Windows da manhajojinka a kai, a bar tsohon faifan a matsayin rumbu na biyu don hotuna da bidiyo da tsofaffin ayyuka. Ba ka yar da komai ba. In ka tara kuɗin fomat da ka biya sau da yawa, da kwastomomin da suka gaji da jira suka wuce shagon gaba, za ka ga SSD ne mai araha.

Hattara dai wajen saye. Akwai na jabu masu nuna girman da ba su da shi, akwai kuma waɗanda aka ci rabin ransu. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, da ke nuna lafiyar faifai da awannin da ya yi yana aiki. Ka ce a buɗe ta a gabanka. Ka gwada ta a kan tsohon faifanka ma: in ta nuna Caution da launin ɗorawa, ko kana jin ƙas-ƙas daga cikin akwatin, kwashe kayanka yau ɗin nan. Faifan da ya fara wannan kukan fomat ba ya tashinsa.

Wajen ram kuma, gigabait 4 zai tayar da Windows amma da ƙyar zai ɗauki Chrome da Word da CorelDraw tare. Gigabait 8 shi ne inda ake samun sukuni. Kafin ka saya ka duba ko DDR3 kwamfutarka ke ɗauka ko DDR4, don ba sa shiga ramin juna. Sannan ka shiga Settings, System, About, ka tabbatar Windows ɗinka mai 64-bit ce. Mai 32-bit ba ta iya amfani da abin da ya wuce gigabait 4, ko da ka cika ta da 16.

Gyaran da ba ya cin ko kwabo

Na farko, masu tashi tare da Windows. A Task Manager ɗin nan, shiga Startup. Duk abin da ke jere a wurin yana tashi ne da zarar ka kunna, ko ka neme shi ko ba ka nema ba. Dubi waɗanda aka rubuta wa High, ka danna Disable a kan duk wanda ba ka buƙata tun da safe, irin su Skype, da Teams, da Spotify, da manhajojin sauke bidiyo. Wannan ba goge su ba ne, ranar da ka buƙace su za ka buɗe da hannunka. Ka bar na tsaro da na sauti da na firinta. Masu Windows 7 za su sami wannan jerin in sun rubuta msconfig.

Na biyu, cire abin da ba ka amfani da shi. Masu yin fomat sun saba cika kwamfuta da manhajoji a matsayin gyara: burauza uku, na kallon bidiyo huɗu, na buɗe PDF biyu. Shiga Settings, Apps, ka rage kaya. Ka duba cikin Chrome ma, a Extensions, ka cire duk wanda ba ka san ranar da ya shigo ba.

Na uku, fili. Faifan C in ya yi ja, komai zai yi nauyi, don Windows tana aron fili a kansa in ram ya cika. Rubuta Disk Cleanup a wurin bincike, danna Clean up system files, ka share ragowar sabuntawa da fayilolin wucin gadi. Kunna Storage Sense don ya riƙa yi da kansa. Ka yi ƙoƙari kashi ɗaya cikin biyar na faifan ya zauna babu komai.

Na huɗu, ado. Danna maɓallin Windows da R, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, sai Settings da ke ƙarƙashin Performance, ka zaɓi Adjust for best performance. Sannan ka mayar da alama a kan Smooth edges of screen fonts don rubutu kada ya yi kaushi, da Show thumbnails instead of icons in kana aikin hotuna. A tsohuwar kwamfuta za ka ji bambanci.

Na biyar, wanda mutane da yawa ba su sani ba: a Windows 10 da 11, Shut down ba ya kashe komai gaba ɗaya. Akwai wani tsari, Fast startup, da ke ajiye wani ɓangare na babbar manhaja don ta tashi da sauri, tare da duk wata matsala da ta maƙale a ciki. Restart shi ne ke farawa daga tushe. Ko sau ɗaya a mako ka yi shi.

Game da haɗa gutsattsarin faifai da ake kira difrag, Windows na yi da kanta a kan jadawali tun zamanin Vista. SSD kuma ba ya buƙatarsa, kada ka bari a sa maka wata manhaja da za ta tilasta shi.

Ƙurar hunturu da zafin bazara

Wannan babin namu ne, shafukan Turawa ba sa ba shi muhimmanci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na cika ko'ina da ƙura, kuma fankar kwamfuta zuƙar iska take yi. Shagon da ke bakin titi a Ƙofar Guga, inda babura da a-daidaita-sahu ke wucewa yini guda, akwatin da muke kira sifiyu yana shan ƙasa fiye da kowa, musamman in a ƙasa aka ajiye shi kusa da ƙofa. Ƙurar nan tana daskarewa a kan ƙarfen da ke sanyaya furosesa kamar auduga. Sai ga Afrilu ta zo da zafin da ke kai digiri 40 ko fiye.

Furosesa tana da dabarar kare kanta: in zafinta ya doshi digiri 100, sai ta rage gudunta da gangan don kada ta ƙone. Alamar ita ce kwamfuta ta yi lafiya lau da safe, bayan Azahar ta fara jan ƙafa, fanka na ihu, wani lokacin ta mutu da kanta. Ka yi fomat sau goma, bayan Azahar ɗin gobe haka za ta yi.

Maganin: cire ta daga wuta, fitar da ita waje, buɗe murfin gefe, a hura ta da bulowa. Ka riƙe fankar da ɗan yatsa ko tsinke kada iska ta juya ta fiye da kima. A yi haka a ƙarshen hunturu kafin zafi ya shigo, a sake kafin wani hunturun. In ta kai shekaru ba a taɓa ba, mai gyara ya goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya shafa sabo. Ɗora akwatin a kan tebur ko benci, ka bar tazara tsakaninsa da bango. In ka rufe ta da ƙyalle da dare, ka cire kafin ka kunna.

Wuta

Kwamfutar tebur ba ta da batiri kamar ta cinya. An ɗauke wuta, ta mutu nan take, tana tsakar rubutu a kan faifai. In haka na faruwa kullum, fayilolin Windows sukan lalace, faifan ma ya samu tabo. Ƙaramin UPS da zai ba ka 'yan mintoci ka adana aiki ka kashe ta da kyau ya fi duk wata manhajar ƙara gudu. In janareto kake amfani da shi, bari ya daidaita kafin ka kunna. In kana zargin ɗaukewar wuta ta riga ta yi ɓarna, buɗe Command Prompt a matsayin Administrator, rubuta sfc /scannow, ka bar shi ya gama. Yana duba fayilolin Windows ya gyara waɗanda suka lalace ba tare da ya taɓa naka ba.

In kuma kullum ka kunna sai ka ga kwanan wata ya koma baya, shafukan intanet suna ƙin buɗewa, wani ɗan batiri ne mai kama da kwabo a kan allon ciki, lambarsa CR2032. Canza shi kawai.

Falash da masu alkawarin banza

Kwamfutar shago tana karɓar falash daga hannu da yawa a rana: mai buga sakamakon WAEC, mai takardar JAMB, mai neman aiki. Cutar da ta fi yawo ita ce mai mayar da folda gajeriyar hanya, ka buɗe ka ga kamar komai ya ɓace. Yawanci kayan na nan, ɓoye su aka yi. Bayan an duba falash ɗin da anti-bairos, in harafinsa E ne, rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* a Command Prompt, za su bayyana. Kada ka danna gajerun hanyoyin, ta nan take shiga. Kuma ka ware adireshin imel ko lambar WhatsApp ta shago, duk wanda zai iya turo takardarsa ta nan ya turo.

Kada ka tara anti-bairos barkatai. Kowanne sai ya duba duk fayil ɗin da ka taɓa, su yi ta karo da juna, kwamfuta ta sha wahala. Wanda wa'adin gwajinsa ya ƙare kuma nauyi ne kawai. Windows 10 da 11 sun zo da nasu, Windows Security, kuma ya wadatar wa yawancinmu in ana sabunta shi.

Manhajojin da ke cewa danna nan kwamfutarka ta ninka gudu, ka bar su. Microsoft da kanta ta ce ba ta goyon bayan masu share rijistar Windows. A 2017 ma, masu kutse sun cusa mugun abu a cikin CCleaner, ɗaya daga cikin mafi shahara a wannan fanni, mutane sama da miliyan biyu suka sauke shi daga hanyar da suka amince da ita. In haka ta faru da sananne, ina ga wanda ya faɗo maka daga talla?

Haka nan Windows da ake cewa Lite, wadda wani da ba ka sani ba ya yanke ya rage. Tana da sauri, gaskiya ne, don sau da yawa an cire mata tsaro da sabuntawa. Amma a kanta kake shiga asusun banki, a kanta kwastomomi ke rubuta lambar NIN da BVN. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na san dalilin da ya sa ake kashe sabuntawa: data tana da tsada. Akwai hanya ta tsakiya. A saitin intanet ɗinka kunna Metered connection don Windows ta daina zuƙar data yadda ta ga dama, sai ka zaɓi rana ɗaya a wata, lokacin da kake da data mai rahusa, ka sabunta. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su suka sha.

Maganar Windows 10

Microsoft ta daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, Chrome ma ya tsaya a kanta tun farkon 2023. Wa'adin Windows 10 kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, sai shirin ƙarin shekara ɗaya na sabuntawar tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista. Windows 11 tana neman wani guntun tsaro, TPM 2.0, da furosesar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama. Gane ƙarnin ba wuya: i5-4570 ta huɗu ce, i5-6500 ta shida, i5-8500 ta takwas. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce amsa, sai dai daga ƙarni na goma zuwa sama lambobi biyu na farko ake dubawa.

Don haka in za ka sayi ta hannu yanzu, kada sunan Core i5 ko i7 ya ruɗe ka, tambayi ƙarnin. In kuma kana da tsohuwa mai lafiya, ba sai ka yar ba. Wadda aikinta intanet ne da buga rubutu za ta iya ɗaukar Linux Mint, kyauta ce, ba ta da nauyi, ta zo da LibreOffice. Sai dai CorelDraw ba ya tafiya a kanta, kuma ka gwada firintarka tukuna. Wadda dole sai tsohuwar Windows saboda zane, raba ta da intanet da harkar banki, ta tsaya a aikin zanenta.

To yaushe fomat ya halatta?

In cuta ta yi katutu an kasa fitar da ita. In Windows ta ƙi tashi bayan an gwada gyara. In ka sayi ta hannu ba ka san abin da mai ita na da ya bari ba. Ko ranar da za ka koma SSD. A nan ma, a fara kwashe Desktop da Documents da Downloads da Pictures zuwa wani faifai na daban, ka buɗe su da idonka ka tabbatar, sannan a goge. Kuma kada ka jira sai ranar matsala: muhimman takardu su kasance a wuri biyu kullum, ɗaya a faifan waje ko Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan uwana masu gyara, ba laifinku nake gani ku kaɗai ba. Sau da yawa kwastoma ne ke zuwa da hukuncinsa a baki, kuma ba ya son biyan kuɗin dubawa, sai na abin da ya gani an yi. Amma wanda ya buɗe Task Manager ya nuna wa mutum ga matsalarka, ga abin da za ka saya, ga wanda ba ka buƙata, shi ne za a dawo wurinsa, a kuma turo mashi wasu. Kai kuma mai kwamfuta, in an duba an gaya maka gaskiya, biya kuɗin ilimin da daɗin rai.

Yau da yamma ka danna Ctrl da Shift da Esc ka ga wanne ne ya cika a cikin ukun nan. Wanda ya ga abin da bai gane ba ya faɗa mana irin kwamfutarsa da abin da ta nuna, za mu duba tare in sha Allahu. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu.